Ruwan Wankin Tanka da Saniyar Ardo

Ranar Laraba ce, ƙarfe tara na safe, a tsakiyar rani. Ina tsaye a wurin wankin manyan motoci da ke gefen hanya a Kalgo, tare da mai wurin, wanda ɗan ƙanwata ne, da kuma mai unguwa. Mu ukun muna kallon ruwan da ke ɗiga daga duro na ƙarshe zuwa cikin baho. Ruwan fari ne, kamar an ɗauraye ƙwaryar nono a cikinsa. Ranar Asabar da ta wuce na bar shi garau, ana ganin gindin bahon.

Ya kamata in bayyana abin da ya tara mu. Ɗan ƙanwata magidanci ne, da wankin tankokin mai da tireloli yake ciyar da iyalinsa da uwarsa. Ruwan wankin, haɗe da baƙin mai da gas, yana bin kwata ya gangara tafkin da makiyayan wajen Diggi ke shayar da shanu idan rani ya yi nisa. A wannan shekara saman tafkin ya riƙa ƙyalli kamar bakan gizo, maruƙa suka kama zawo, ɗaya ya mutu. Ardo ya kai kuka wurin mai unguwa, aka yanke cewa ko dai a tsabtace ruwan, ko a rufe wurin. Ardo ya gindaya sharaɗi guda: zai zo da saniya da kansa. In ta sha ruwan da aka tace, magana ta ƙare. In ta ƙi, a yau za a sa wa wurin kwaɗo.

Ni malamin kimiyya ne, na daɗe da ajiye alli, ina zaune a Gwandu. A makarantar mishan da na yi, akwai malamin da kan ɗaga kwalbar gwaji sama ya duba ta a hasken taga, in ya ga ɗigo guda a jikinta sai a sake wanke duka kwalaben ajin. A hannunsa na koyi cewa aikin da aka yi rabi ba a yi shi ba, kuma har yau ban ga dalilin sauya ra'ayi ba. Da ƙanwata ta zo mini da hawaye, na ce mata zan tace ruwan da gawayi, amma bisa ƙa'idata.

Gawayin girki ba ya wannan aiki. Na tara ƙwallon goriba, na ƙone shi a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, na daka, na jiƙa a ruwan toka mai ƙarfi, sannan na kai wa wani maƙeri a Masama ya zuga masa wuta a rufe har ya yi ja. Ƙuna ta biyun nan ita ke buɗe ƙananan ramuka a jikin gawayin waɗanda ido ba ya gani, su ne ke kama mai da warinsa su riƙe. Na wanke shi har santsin tokar ya fita, na tankaɗe, na shanya. Maƙerin ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke wanke gawayi ba, na ce masa yanzu ya gani.

A Kalgo na jera duro uku a bakin kwatar. A na farko ruwan yakan tsaya, mai ya taso sama, ruwa ya fita ta bututun ƙasa. Na biyu tsakuwa ce da yashi. Na uku gawayina. Haka na bar shi yana aiki na koma gida.

Yanzu ga shi fari fat, yana kumfa a gefe. Na sunkuya na shinshina. Warin gas na nan, da wani ƙamshi a kansa. Sai a lokacin na lura da daɓen wurin. An goge shi tas, har kwatar tana sheƙi.

Na ce wa ɗan ƙanwata, “Me ka zuba a nan?”

Ya ce, “Ba komi, Kawu. Garin sabulu ne kawai. Tun da asuba nike gugar wurin ga. Ai baƙo za mu yi, ba a tarbar babba cikin ƙazanta. Kuma na san ka, da ka iske ɗigon mai a ƙasa da yanzu kana kaina.”

Na ce, “Na ce maka ka tsabtace. Ban ce ka aurar da mai ga ruwa ba.”

Bai gane ba, sai na yi masa bayani kamar ɗan aji ɗaya. Duron farko yana aiki ne domin mai da ruwa ba sa haɗuwa. Sabulu kuwa aikinsa ke nan, ya haɗa su. Duk maiƙon da ya kankare daga daɓen ya narke cikin ruwan, ya wuce duron farko bai taso ba, ya ratsa yashi, ya je ya toshe gawayin da na yi makonni ina shiryawa.

Ya dafa kai ya zauna a kan taya. Can ya matso kusa da ni, ya rage murya. Ya ce, “Kawu, ga rijiyar maƙwabta nan. Jarka biyu kawai, a zuba cikin duron ƙarshe. Wa za ya sani? Gobe sai mu gyara.”

Mai unguwa ya juya baya, ya shiga karanta rubutun da ke jikin wata tirela da matuƙar natsuwa.

Na ce, “Saniyar za ta sha ruwan rijiya yau, 'ya'yanta su sha gas gobe. In ka taɓa jarkar nan zan shiga mota in koma Gwandu, kuma ni zan gaya wa uwarka dalili.”

Na zo da rabin buhun gawayi wanda na yi niyyar bar masa don canji na gaba. Bai kai yawan da nake so ba, amma shi ke nan abin da ke akwai. Muka toshe kwatar da buhunan yashi, muka kwashe ruwan sabulun zuwa wani tsohon duro, muka zubar da yashin sama, muka kwashe gawayin da ya lalace da hannu. Na cire babbar riga na rataye. Shekarun da nake da su ba na sunkuyo ba ne, amma ban yarda ɗan ƙanwata ya jera gawayin shi kaɗai ba, domin in aka bar gurbi a gefe ruwa zai bi ta nan ya wuce bai taɓa komai ba.

Muna cikin haka, rana ta take tsaka, muka ji ƙarar kofato a kan kwalta. Ardo ne, dogon dattijo da sanda a kafaɗa, yana jan wata jar saniya mai dogon ƙaho. Ya tsaya ya dube ni tun daga hula har takalmi, duk na yi baƙi da gawayi.

Ya ce, “Malam, an ce mini kai ɗan boko ne. Ashe maƙeri ne?”

Na ce, “Yau kam maƙeri ne, Ardo. An yi kuskure da safe, muna gyarawa. Ina roƙon ka jira.”

Ya ce, “Kuskure tun ban zo ba? To, madalla.” Ya shafa wuyan saniyar. “Wagga ita ce mai tsantseni cikin garkena, ko guga aka canza mata sai ta sani. Kuma na shayar da ita da hantsi, kada ku ce ƙishirwa za ta taimake ku.”

Ɗan ƙanwata ya dube ni, na kau da kai. A raina na yaba wa dattijon, domin haka ake gwaji.

Na sa aka jawo wata tanka da ke jiran wanki, aka wanke ƙarƙashinta a gaban Ardo da ruwa zalla. Ya bi baƙin ruwan da ido har ya shiga duron farko. Daga nan sai jira. Na rage famfon duron ƙarshe sosai, saboda gawayin ba shi da kauri, ruwa kuwa sai ya daɗe a cikinsa kafin ya rabu da wari. Aka kira azahar, muka yi salla a inuwar tankar, muka dawo. Ɗan ƙanwata ya miƙa hannu zai ƙara buɗe famfon, na buge hannun. Abin da ya fara taruwa na zubar, don yana da ƙurar gawayi. Ardo ya ce, “Malam, shanuna na daji suna jirana.” Na ce masa ruwan bai san da haka ba.

Gab da la'asar bahon ya kai rabi. Na ɗebo a kofin gilas na ɗaga shi sama a hasken rana, kamar yadda aka koya mini. Ban ga ƙyalli ba. Na shinshina ban ji komai ba, amma hancin tsoho ba abin dogaro ba ne, kuma na san da haka.

Ardo ya saki igiyar. Saniyar ta tako a hankali, ta sunkuyar da kai, ta hura iska a kan ruwan har ya yi rawa. Ta ɗago. Ta juya ta kalli hanya, ta yi taku biyu baya, tana kaɗa wutsiya. Na ji ɗan ƙanwata yana salati ƙasa-ƙasa. Mai unguwa ya sa hannu a aljihun da kwaɗon yake. Ardo bai kira ta ba, bai taɓa ta ba, mu ma ba wanda ya motsa. Ta sake matsowa, ta zagaya bahon ta ɗaya gefen, ta shinshina bakinsa, sannan ta tsoma baki.

Ta sha har ta ga gindin bahon. Ba a rufe wurin ba, kuma tun daga ranar aka hana garin sabulu shiga kwatar.