Layin Da Na Ƙi Cikewa Saboda Inna

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da tara, ina aikin kai kayan ɗaki a nan Greensboro. Kujera, gado, tebur, mu ɗauko daga sito mu kai gidajen masu hali a Sedgefield da Summerfield, mu haɗa musu, mu dawo da ciwon baya. Ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, aji huɗu na yi a Damagaram na bari. Turancina na bakin aiki ne. In an yi magana ina ji, amma takarda in ta wuce layi biyar sai maiɗakina ta karanta mini. Ita tana aikin kula da tsofaffi, 'ya'yanmu uku duk nan aka haife su. Girin kat ɗina, wato katin zaman dindindin, ya fi shekara goma a aljihuna. Ban nemi zama ɗan ƙasa ba, tsoron jarrabawar nake, ba zan ɓoye ba.

Sai aka kira daga gida cewa Inna ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Ni ne babba, ni kaɗai ne namiji. Ƙannena mata suna gidajen aurensu, za su yi mata wanka da abinci, amma ɗaga ta da kai ta asibiti da tsayawa a kan magani nawa ne. Ban yi shawara da kowa ba, na ce tafiya zan yi. Maiɗakina ba ta hana ni ba. Abu ɗaya ta ce, wai akwai takardar izinin dawowa da ake nema kafin doguwar tafiya, tana kare katin mutum har kusan shekara biyu, amma sai kana cikin ƙasar za ka nema, ka jira a ɗauki hoton yatsunka. Ta bugo fom ɗin ta kawo. Ranar Lahadi da rana muka zauna a kicin, tana karantawa ina ba da amsa, har muka iso layin da ake tambaya tsawon lokacin da mutum zai yi a waje.

Nan na tsaya. Na ce mata ni jinyar tsohuwa zan tafi, kuma kowa ya san da me irin wannan jinya take ƙarewa. In na ce wata shida, me na faɗa ke nan? In na ce shekara ɗaya, ai na yanke wa uwata kwana da hannuna. Ta ce haba Malam, wanda zai karanta fom ɗin nan bai san Inna ba, bai san ma inda Damagaram take ba, akwati kawai yake so a cike. Na ce mata da yake ba uwarki ba ce. Wannan maganar har yau tana ci na. Ta naɗe takardar ta sa a durowa.

Ranar Juma'a bayan masallaci na kai zancen shagon da muke sayen naman rago da gero, inda 'yan gida suke taruwa. Wani Alhaji da ya riga mu zuwa ƙasar nan ya yi mini dariya, ya tambaye ni ko a gidana lauya na aura. Ya ce ba wata takarda, mutum ya dawo ya taɓa ƙasar nan duk wata biyar kawai, ya sha shayi, ya koma. Shi haka yake yi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tsayar da shi. Abin da nake so in ji ke nan, sai na ɗauka. Daga baya na gane shi Alhajin ya daɗe da zama ɗan ƙasa, fasfon ƙasar nan yake riƙe da shi. Ko shekara goma ya yi a waje ba ruwan kowa.

Haka na yi. Na ajiye aiki na tafi. Wata biyar a gida, sati biyu a nan, in koma. Zuwa na farko da na biyu lafiya lau. A na uku, jami'in filin jirgi ya duba fasfo ya duba fuskata, ya ce in bi wani. Aka kai ni wani ɗaki aka zaunar. Wanda na samu a ciki bai yi mini tsawa ba. Ya lissafa kwanakina, ya ce a wata goma sha shida ban cika wata ɗaya da rabi a ƙasar ba. Ya tambayi wurin aikina, na ce babu. Ya ce katin nan na mazauni ne, ni kuma na koma mai ziyara. Ya turo mini wata takarda, ya ce in ina so in ajiye katin da kaina, ga wurin sa hannu. Na tuna yarana. Na ce masa ni ba na sa hannu a abin da matata ba ta karanta mini ba. Na zaro takardun asibitin Inna, da Faransanci suke, ya juya su ya juya. A ƙarshe ya yi rubutu a fasfona ya bar ni na shiga, ya ce in na sake dawowa haka, alƙali ne zai yi magana da ni.

Maiɗakina ba ta ce ai na faɗa maka ba. Durowa ta buɗe ta ɗauko fom ɗin nan. Muka je wurin wata lauya, ta ce dole in zauna har a kira ni ɗaukar yatsu. Ba mu kai ga tura fom ɗin ba zazzaɓi mai zafi ya kama Inna, ƙanwata tana kira tana kuka, ni kuma ba damar motsi. Da ta ɗan farfaɗo aka kara mata waya a kunne, na faɗa mata gaskiyar abin da ya tsare ni, har da layin da na ƙi cikewa. Bakinta ya karkace amma harshen yana nan. Ta ce mini wawa, tun yaushe aka ba ka riƙon kwanan mutane? Ta ce in rubuta mafi tsawo, ita ba inda za ta sai ta ga auren jikarta, kuma in ba 'yar mutane, maiɗakina, haƙuri. Na yi dariya har hawaye. Haka na rubuta, muka tura fom ɗin, sati bakwai na yi kafin a kira ni.

Na koma, na yi shekara ɗaya da wata bakwai a gefenta. Ta ga auren. Ta cika bayan la'asar ina riƙe da hannunta, da ni aka sa ta a makwancinta. Na dawo da takardata, tambaya biyu aka yi mini aka ce in wuce. Yanzu ina aiki a cikin sito, bayana ya ƙi hawa bene da gado. Lauya ta ce lissafin shekarun neman zama ɗan ƙasa ya koma farko. Na ce to, ba komai. Alhamdu lillahi, yara lafiya, kati yana nan.

Abin da na koya, kunyar iyaye daban, takardar hukuma daban, ni na haɗa su na kusa yin asarar duka biyun. Duk wanda jinya ko wata hidima ta kira shi gida, ya je, amma ya nemi izinin kafin ya hau jirgi. Ya tambayi lauya, ba majalisar shago ba, kuma kar ya sa hannu a abin da bai gane ba. Ni Allah ne ya rufa mini asiri, ba dabarata ba. Da zazzaɓin nan ya tafi da Inna ina zaune a Greensboro ina jiran a ɗauki yatsuna, ban san da wane ido zan sake kallon katin nan ba.