Kujerar Inna a Ƙarƙashin Tulu

Ɗigar ruwa ce ta fara komai. Ina zaune a tsakar gidan yayana a Kalgo, bayan azahar, ina jan carbi, sai na ji ɗis, ɗis daga wajen tulu. Ruwa in ya faɗa ƙasa shiru yake yi. Wannan kuwa a kan itace yake sauka.

Na tashi na leƙa. Kujerar Inna ce, an kife ta, ƙafafunta huɗu suna sama, an ɗora mata tulu a tsakani.

Kujera ce 'yar tsuguno, sassaƙar ƙirya, da zanen ƙuna a gefe. Kakarmu ta zauna a kanta ranar wankan aurenta, Inna ta zauna, ni ma na zauna. A gidanmu ba a wanke amarya a kan wata. Da Inna ta rasu a gidan yayana ina jego a Gwandu, kuma a lokacin, da Nasara ba su daɗe da zama ƙasar ba, mai jego ba ta tafiyar kwana biyu a jaki. Na aika a kawo mini kujerar. Matar yayana ta ce ta ɓata. Shekara huɗu ina zargin ɓarayi.

Na kira ta. Ta fito tana share hannu da zane.

"Matar yaya, mi na wanga?"

"Au, ita ce? Gindin tulun ne ba ya zama." Ta yi dariya. "Goggon yara, in kina so ki ɗauka. Iccen wuta ne, gara ta gama da shi."

Na sauke tulun, na naɗe kujerar a mayafina, washegari na kama hanya. Mahaifinmu ya karantar da ni, na san hukuncin gaba da ɗan'uwa. Amma na san wani abu kuma: babbar ɗiyarta ta kusa isa aure, kuma tsofaffin dangi ba za su taɓa ruwan wanka ba sai sun ga kujerar. A kan jakin nan na ƙulla abin da zan yi.

Na kai wa wani masassaƙi a Dalijan. Ya juya ta, ya ce sassaƙa ɗaya ce, ƙafar da ta ruɓe ba ta da magani, bari ya yi mini sabuwa. Na karɓe abina.

A inuwa na shanya ta, don rana tsaga ta za ta yi. Na rataye ta a saman murhu wata guda, hayaƙi ya kori garar. Na goge ruɓar da yashi mai laushi. Ramukan kuwa, na kwaɓa ƙaro da garin itace, ina cusawa da tsinke ɗaya bayan ɗaya, kuma Allah ya yafe mini, kowane rami na toshe sai na ce a raina: za ki zo. Ƙafar da ta tsage na ɗaure ta da ɗanyar fata, fatar ta bushe ta kama ta tam. Na sa wuƙa a wuta na bi tsohon zanen, na ƙone yatsa biyu. Na shafa man kaɗe har ta yi baƙi tana ƙyalli. Da ragowar zanen saƙin Inna na ɗinka mata shimfiɗa, na cusa audugar da na gurza da hannuna. Maigidana ya ce bai taɓa ganin mai gyaran kujera da ɗaurarriyar fuska irin tawa ba.

Bayan kaka biyu aka sa ranar auren. Matar yayana ta aiko wata tsohuwa, na ba ta fura, na ce kujera ta ɓata. Yayana ya aiko, na ce a gaishe shi. Saura kwana shida sai ga ta da kanta, ƙafa duk faso, tana riƙe da hannun autarta, yarinya 'yar shekara biyar.

Na shimfiɗa mata tabarma a ƙasa. Na shiga ɗaki na ɗauko kujerar, na ajiye a gabanta, na zauna a kai. Na ja gaisuwa yadda ban taɓa ja ba: gida, gona, shanu, har kajinta na tambaya. Idonta bai bar fatar da ke ƙafar kujerar ba.

"Goggon yara, don Allah, don darajar Inna..."

"Wace Inna? Wadda kika kife?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce tsofaffi sun rantse ba za su wanke ɗiyarta ba, dangin ango kuma sun fara tambayar ko yarinyar ce ke da aibi.

"Iccen wuta kika ba ni," na ce. "Ban taɓa jin an wanke amarya a kan iccen wuta ba. Ki kifa turmi."

Ta yi kuka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, daɗin da har yau nake neman gafara a kansa in na tuna, wani lokaci kuma in manta in yi murmushi. Na tashi in kawo musu ruwa, na ƙudurta su koma hannu wofi.

Amma an wanke amaryar a kan kujerar. Ni na kai ta Kalgo a cinyata, na tsaya a kanta har aka gama, na dawo da abina a ranar, uwar ko taɓa ta ban bari ta yi ba. Hawayenta ba su ne suka kai ni ba. Da na dawo da ruwan ne na tarar autar ta hau kujerar, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, tana shafa zanen da ɗan yatsa. Ta ɗago ta dube ni.

"Goggo, in kin hana Yaya, ki ɓoye mini ita. Ni ban kife ta ba."