Firmin da Wasan Ashirin da Ɗaya

Shekara arba'in da biyu Firmin Deswaef ya yi yana kamun jatan lande a tekun garin Nieuwpoort da ɗan jirginsa mai shuɗin fenti. Ba shi da yawan magana, giya sai ranar Lahadi, karta kuwa bai taɓa riƙe ta ba. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Greet, mai aikin jinya.

Yana da shekara sittin da shida hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. A hankali ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma lissafi ya ƙi dawowa. Mutumin da yake duban kwando ya faɗi nauyinsa, yanzu in ka ce bakwai da takwas sai ya tsura maka ido har ƙwalla ta taru. Likita ta ce a riƙa motsa masa ƙwaƙwalwa da wasa mai lambobi.

Sai Greet ta sayo karta, ta zube busasshen wake a teburin kicin a madadin kuɗi.

"Baba, wannan shi ne bilakjak. Ka haɗa kartarka ta kusanci ashirin da ɗaya, ka fi mai rabo. In ka wuce, ka faɗi. Tara da biyar, nawa?"

"Ke, raba ni da wasan 'yan iska."

"Nawa dai, Baba?"

Ya daɗe yana motsa leɓe. "Sha huɗu."

"To, in ƙara maka ko ka tsaya?"

"Ƙaro mana, rowar me kike yi?"

Ranar ce ya fara dariya tun da ya kwanta ciwo. Kafin wata shida ya riga ta haɗa lissafi, yana kwashe mata wake yana cewa ta koma makaranta. Ranar zagayowar haihuwarsa, don murna, ita da kanta ta ɗauke shi a jirgin ƙasa na bakin teku zuwa gidan caca, ya ga yadda ake yi a kan koren tebur. Ya ci 'yan yuro, suka sayi soyayyen dankali suka ci a hanya.

Bayan mako biyu ya koma shi kaɗai. Daga nan kullum da ya gama abincin rana sai ya sa rigar zuwa coci ya hau jirgin ƙasa. Masu rabon karta suka sa masa suna Kyaftin. A can babu mai yi masa magana a hankali kamar mara lafiya. In ya faɗi, sai ya ce kansa ne ya yi kuskure, gobe zai gyara. Gani yake duk ranar da ya daina ƙirga, duhun nan na ciwon zai dawo masa.

Greet ba ta farga ba sai ranar da ta bi ta tashar jiragen ruwa ta ga wani baƙo yana goge sunan mahaifiyarta daga jikin shuɗin jirgin. Ta iske Firmin a gida yana ɗaura takalmi.

"Baba, ka sayar da jirgin?"

"Nawa ne ko naki?"

"Don Allah ka zauna mu yi magana."

"Wa ya koya mini? Wa ya kai ni? Matsa, zan makara."

Greet ta matsa, ya wuce. Ta yi wata guda tana juya abin a ranta, sannan ta rubuta wa hukumar kula da caca, ta nemi a hana mahaifinta shiga gidan caca, kamar yadda doka ta ba dangi dama.

Wata Talata da rana ya miƙa katin shaidarsa a ƙofar gidan cacar, yarinyar da ke wurin ta duba na'ura, ta rage murya.

"Kyaftin, yi haƙuri. Sunanka yana cikin waɗanda aka hana."

Ya tsaya da hula a hannu, mutane suna ratsa shi suna wucewa. Bai yi gardama ba, don ya riga ya karanta takardar hukuma, bai dai yarda za a yi masa haka a gaban jama'a ba. Ya zauna a benci yana kallon ruwa har sanyi ya kore shi.

Gidansa ya tsira daga sayarwa, amma daga ranar Firmin bai sake yi wa 'yarsa magana ba. In ta kawo miya sai ya bar ta a bakin ƙofa ta huce. Da ciwon ya sake kayar da shi aka kai shi gidan tsofaffi, tana zuwa duk Lahadi, shi kuwa ya juya fuska wajen taga. Wata sabuwar ma'aikaciya ta taɓa tambayarsa, "Wannan 'yarka ce?"

"Wata mata ce daga hukuma," in ji shi.

Ya rasu a watan Fabrairu, ranar Alhamis, Greet tana wurin aiki. Tsofaffin masunta shida suka zo coci. Bayan an binne shi aka sha kofi da burodi, ɗaya daga cikinsu ya riƙe hannunta ya ce ta yi abin da ya dace. Ta gode masa, ta tashi ta fara tattara kofuna.