Kanwar da ban aika wa Baffa ba

Gaya

A ƙofar masallaci, bayan sallar asuba, Ɗanliti direba ya tare ni da fara'a. "Baffanka ya ce a gode da kanwa."

"Wace kanwa?"

"Ƙullin da ka ba ni jiya mana."

Ba kanwa ba ce. A wurin renon itatuwa nake aiki, kuma abin da na aika wa Baffa can Toranke don ya yi dashe ƙwayoyin jel ne da muke zuba wa dashen mangwaro a rami don su riƙe danshi. A bushe farare ne kamar dakakkiyar kanwa, amma da sun sami ruwa sai su kumbura, cokali guda ya cika kwano. Na manta ban haɗa da bayani ba. Baffa Jauro kuwa makiyayi ne, duk farin abin da ya zo masa a ƙulle na shanu ne. Na kira wayarsa, ba ta shiga. Ko gida ban koma ba na nufi tasha.

Hanyar Ajingi

Motar ta ƙi cika. Direba yana ta shan shayi kamar ranar ba za ta fito ba. Da muka tashi kuma, duk wanda ya ɗaga hannu a bakin titi sai ya tsaya, har da mai akuya uku. A shingen 'yan sanda aka duba mu, aka ce mu wuce. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta miƙo min ƙosai.

"Ɗana, ko rasuwa aka yi?"

"Ita nake gudu, Inna," na ce. Na karɓi ƙosan na yi mata godiya.

Ajingi zuwa Toranke

Nan na hau acaɓa. An kwana ana ruwa, hanya duk ta zama taɓo, wani wuri sai na sauka mu tura. Abu ɗaya ya riƙe min zuciya: na san Baffa yakan jiƙa kanwa a kwami ta kwana, sai da hantsi yake sako shanu su sha. Ina kallon rana tana hawa, ina jin haushinta.

Ruga

Na tarar da shanu a ɗaure, Baffa a tsaye kan kwami da sanda. Ruwan ya koma kamar koko. Ƙwayoyin sun kumbura sun manne wa juna jere-jere kamar ƙwan kwaɗo. In ya motsa sandar, sai kan jerin ya bi ta, sauran su biyo a hankali suna lanƙwasa.

"Habu, wannan kanwar taka tafiya take yi," in ji shi. "Na hana su sha."

Na yi hamdala har na durƙusa. Ina cikin yi masa bayani na ga ya daina saurarena, ya juya yana kallon bayan bukka.

Jar saniyarsa ce kwance a can, ciki ya yi tim, tana numfashi da ƙyar. Mun ɗura mata man gyaɗa, mun tashe ta ta faɗi. Na aika mai acaɓa ya ɗauko malamin dabbobi daga Ajingi, amma kafin azahar idonta ya fara juyawa. Baffa bai yarda ta yi mushe ba. Da kansa ya wasa wuƙa.

Bayan an gama ya wanke hannu, ya zauna kusa da ni. Na kasa haɗa ido da shi.

"Jiya da yamma na cuɗa mata kanwar a dusa," ya ce. "Abin da ya fito daga hannunka ne, na ce ita za ta fara ci."

Komawa

Bayan la'asar na iso Gaya da cinyar da Baffa ya tilasta min ɗauka. Na gode wa Allah da ya tsare sauran garken, na gode wa mai acaɓan da ya yi sawu biyu cikin taɓo. Naman kuwa maƙwabta na raba wa.