Taken Maigidana a Gindin Gada

Maigidana ya fara gudu ne bayan ya haura hamsin. Likita ya ce jininsa ya hau, ko ya bar cin mai ko ya riƙa motsa jiki. Shi kuwa ba zai rabu da soyayyen kifin gulbi ba, sai ya zaɓi gudu. Ya sayo fararen takalma, ya sa tela ya ɗinka masa wando har ƙasan gwiwa, don a cewarsa dattijo ba ya nuna cinya. Da an sallame asuba sai ya bi tudun da ya raba gonakin shinkafa da gulbi, ya je har gindin gada ya dafa ƙarfenta, ya juyo.

Garinmu Malanville ya sha dariya. Abokansa na rumfar albasa kullum sai sun tambaye shi wa ya biyo shi. Ni kam ban yi dariya ba. Na tashi da karatun littattafan soyayya da fatake ke kawowa daga Kamba, inda masoyi ke zuwa cikin mota yana ƙamshin turare. Nawa yakan shigo a jiƙe da gumi, ƙirjinsa na hawa da sauka, yana ƙamshin ɗanyar ciyawa, sai in ji zuciyata ta koma ta budurwa. Nakan miƙa masa ruwa in tsaya ina kallon maƙogwaronsa har ya shanye.

Akwai wani mai gurumi a Gaya, garin da ke tsallaken gulbi bayan iyaka, abokinsa tun ƙuruciya. Maigidana ba ya sauraron kiɗa a waya, ya ce sai yana ganin yatsun mai kiɗan yake jin daɗi. Kafin a rufe iyaka yakan hau babur ya ƙetare gada don kawai ya zauna gabansa. Mutumin ya yi masa take nasa na kansa, kuma duk sanda aka kaɗa shi sai maigidana ya zama wani dabam. Kafaɗunsa su buɗe, idonsa ya kaɗa, ko kana yi masa magana cikin kunne ba ya ji.

A siyasa kuwa mutumin da ne. Duk wanda ke kan kujera, shi ne nasa. Da la'asar yakan zauna ƙofar gida da rediyo yana gardama da samari, yana ce musu zanga-zanga fitina ce, talaka ya bi na gaba, yaro ya yi shiru in manya na magana. Da aka rufe gada, albasarsa ta riƙa ruɓewa cikin buhu, amma bai yarda a zagi hukuma gabansa ba. Da aka fara jin labarin 'yan bindiga a daji, aka jibge sojoji gindin gadar da buhunan yashi, sai ya ce yanzu ne zai yi barci mai daɗi.

Ni barcin ne ya ƙaurace mini. Mutanen ƙauyen Garou da ke kawo kifi suna cewa sojojin ba sa son mai zuwa da sauri.

“Alhaji, ka sake hanya mana,” na ce masa. “Ga hanyar Madécali nan shimfiɗe.”

“Mi za ni sakewa? Hanyag ga nike bi tun kahin a kawo su.”

“Ba su jin Hausa, ba su jin Dendi. In sun ce ka tsaya fa?”

“Sai in tsaya, Hajiya. Ɗiyan gwamnati na, tsaronmu suka zo yi. Mai gaskiya ba shi tsoron soja.”

Ya ɗaure igiyar takalminsa ya fita. Haka muka yi watanni. Kullum ina tsakar gida ina sauraren ƙarar da ba na so in ji, har sai na ji sallamarsa.

Da 'yarmu ta haihu, ya aika wa mai gurumi ya zo suna. Tunda gada a rufe take, sai ta jirgin ruwa, kamar kowa. Ana gobe suna na je bakin gulbi da sassafe in tarbi 'yan'uwana mata da za su zo cikin jirgi ɗaya da makaɗan. Mashigin ba shi da nisa da gadar, daga nan ana hango buhunan yashin. Hazon ruwa bai gama tashi ba. Jirgin ya iso, mata na sauke ƙwarya da kaya, mai gurumi ya fito da mai kalangunsa yana gaishe ni.

“Uwar ɗakina! Barka da arziki. Ina angon jika?”

Ban kai ga amsawa ba sai ga maigidana a kan tudu, fararen takalmansa na walƙiya, ya nufi gada kamar kullum.

Makaɗi ba ya ganin ubangidansa ya bar shi ya wuce shiru. Kafin in buɗe baki, kalangu ya ɗauki taken. Mai gurumi ya hau tudun yana kirari: “Bijimin bakin gulbi! Mai albasa uban tahiya! Samari sun gaji, kai ba ka gaji ba!” Maigidana ya waiwayo, ya ɗaga hannu, fuskarsa ta cika da murna. Bai tsaya ba. Sai ma ya ƙara mai, don abokinsa bai taɓa ganin gudunsa ba. Makaɗan suka rufa masa baya suna sassarfa. 'Yan dako da matuƙan jirgi suka ga abin dariya, suka bi su suna ihu suna tafi, wasu da sandunan tuƙi a hannu.

Na dubi gada. Wani soja ya miƙe daga bayan buhuna, yaro ne siriri, ban taɓa ganinsa ba. Na ga abin da yake gani: ƙato a guje ya fito daga hazo, taron maza da sanduna na biye da shi suna kururuwa. Bakinsa na buɗewa yana rufewa, amma kalangu ya cinye muryar. Sai ya ɗaga bindiga ya kai ta kafaɗa.

Ban san sanda na yar da takalmana ba. Rabona da gudu tun ina yarinya. Mayafina ya zame, na bar shi. Na kutsa cikin maza ina ture su, na cim ma mai kalangu na fizge sandar kiɗan daga hannunsa. Kiɗan ya mutu, amma ihun bai mutu ba. Kowa na cewa “Alhaji! Alhaji!” Na ce Alhaji ni ma, muryata ta ɓace cikin tasu. Saura kaɗan ya kai. Na ji ƙarar ƙarfe, ƙaras, daga wajen sojan.

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa faɗin sunan mijina ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa faɗin na ubana ba. Ko a nan ba zan rubuta shi ba. A ranar na buɗe maƙogwaro na kira shi da sunansa na yanka, tsirara, gaban 'yan dako da 'yan'uwana.

Ya tsaya cak. Ya juyo yana nema na da ido, ransa a ɓace. Taron ya yi tsit, sai a lokacin muka ji sojan yana ihu da Faransanci, muryarsa na rawa. Maigidana ya juya ya ga bakin bindiga. Hannunsa ya nufi ƙugu, na san wandonsa zai gyara, don kullum haka yake yi in ya tsaya.

“Kar ka taɓa! Ɗaga hannu! Don Allah ɗaga hannu!”

Ya ɗaga su a hankali. Sojan ya nuna ƙasa da bakin bindiga. Na ga mijina, mai furfura, mai jika, ya durƙusa cikin taɓo. Yatsan yaron na nan kan kunamar bindiga. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka haka ba. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, rabi da rabi.

Babbansu ne ya fito daga rumfa, wanda ya daɗe a garin, yana jin Dendi. Ya dafa bindigar ya yi ƙasa da ita. Ya dubi maigidana ya ce, ashe tsohon nan ne mai gudu. Ya ce yaron baƙo ne, jiya aka kawo shi. Sannan ya yi wa maigidana faɗa sosai, irin wanda ake yi wa ɗan makaranta, shi kuwa yana durƙushe yana cewa to, to. Mai gurumi ya zauna gefen tudu ya rungume guruminsa yana salati.

Muka taka zuwa gida, shi gaba ni baya. A tsakar gida ya zauna kan tabarma zai kwance takalmi, yatsunsa suka ƙi kama igiyar. Na durƙusa na kwance masa.

“Yaron ya yi aikinshi,” ya ce. “Kowa ya ce ba haka ba, ƙarya shikai.”

“Na ji, Alhaji.”

Ya daɗe yana kallon taɓon da ke gwiwarsa.

“Sunana, gaban mutane, Hajiya?”

“Gaban mutane.”

Na jira faɗa. Hawaye masu ɗumi suka sauko mini, ban share ba. Sai na ji tafinsa a kaina.

“Jibi,” ya ce, “bayan suna, ki tashe ni da wuri. Hanyar Madécali da nisa.”