Azarar Turakar Malam Hamma

Ɗantsoho magini bai taɓa ƙiyasta aikin rufi daga ƙasa ba. Tun yana saurayi a cikin garin Daura, in aka kira shi duban soro, sai ya tuɓe takalmi a gindin tsani, ya ɗaga murya ya ce, "Za a hau sama!" don matan maƙwabta su kimtsa, sannan ya hau ya taka rufin daga kusurwa zuwa kusurwa. Azara mai lafiya, in ji shi, tana amsa wa diddige. Wadda gara ta cinye kuwa shiru take yi. Da abin da ƙafarsa ta ji yake yanke wa mai gida magana, ko yaɓe ya isa, ko a sauke rufi. A haka gemunsa ya yi fari, a haka kwano ya mamaye rabin unguwa yana kallo.

Daga baya ciwon suga ya kama shi, tafin ƙafarsa ya fara mutuwa. Yakan taka ƙaya bai sani ba sai ya ga jini. Bai faɗa wa kowa ba.

A farkon wata damina, 'yan shekaru bayan dawowar Shari'a, aka zo rabon gadon Malam Hamma. Alƙali ya ce magada su je su daidaita kan gidan. Suka yi ittifaƙi: in rufin ɗakin matarsa Maiturare na gyara ne, za su haɗa hannu a gyara ta ci gaba da zama. In kuwa na saukewa ne, ba su da ƙarfin sabuwar azara balle kwano, sai a sayar da gidan ta koma Kano wurin babban ɗanta Ikrima. Maiturare a ɗakin nan aka kawo ta amarya. Kuma taubashiyar Ɗantsoho ce, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Tsohon ƙadangare," ta ce da ya yi sallama, "har yanzu kana hawa bango?"

"Ina hawa, don in ga inda kika ɓoye gyaɗarki."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta rage murya. "Ka taka a hankali. Ka san abin da ke ƙarƙashin ƙafarka."

Ikrima yana tsaye a tsakar gida yana duban gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. "Baba, gaskiya kawai muke so. Ba zan bar Inna ƙarƙashin abin da zai rufto mata ba."

Ɗantsoho ya yi shelarsa, ya hau. Ya taka rufin. Bai ji komai ba. Ya koma ya sake takawa, yana danna diddige, kamar mai tafiya a kan auduga. Iska ta taso ta kaɗa masa riga. Ya san in ya leƙo ya ce yaɓe ne, ba wanda zai musa masa a Daura, Maiturare za ta kwana a ɗakinta. Ya kuma san nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa in ruwan Agusta ya zauna mata.

"Ko barci ya ɗauke ka?" Maiturare ta kira daga ƙasa.

Ya durƙusa, abin da bai taɓa yi a kan rufin kowa ba, ya kwanta rub da ciki, ya kafa kunne, yana ƙwanƙwasawa da dunƙulen hannu yana jan jiki. Daga saitin ƙofa amon ya yi daɗi. Da ya matsa ciki ya fara dusashewa. Yana kaiwa saitin gadonta gwiwar hannunsa ta nutse, ya ji ƙasa na zuba a cikin ɗakin, ya ji salatin Ikrima.

Sannan ya ja jiki ya tsallaka kan ɗakin da ke jingine da nata, turakar marigayin, wadda ba wanda ya kwana ciki tun rasuwarsa. Ya ƙwanƙwasa. Rufin ya amsa masa tas, ko'ina. Shi ya ɗora azarar nan da hannunsa, tsohuwar giginya ce da Malam Hamma ya sayo daga wajen Baure.

Da ya sauko, gaban rigarsa duk ƙasa, Maiturare ta dubi rigar, ta dubi ƙafafunsa, ba ta tsokane shi ba.

"Rufin ɗakinta na saukewa ne," ya ce. "Ba zai kai kaka ba."

Ikrima ya sunkuyar da kai. "To, Inna, sai haƙuri."

Ɗantsoho ya ce, "Ban gama ba. Azarar turaka lafiyarta ƙalau, kuma faɗin ɗakunan ɗaya ne. In an sauke ta aka mayar kan nata, ba sayen itace, ba kwano. Ƙasa ce da ladan ma'aikata, ba zai wuce abin da kuka shirya wa gyara ba."

"In haka ne ba wanda zai ce a sayar," in ji Ikrima. "Turakar fa?"

"Bango ba rufi, damina ɗaya zai rushe," in ji Ɗantsoho.

Suka juya gaba ɗaya suka dubi Maiturare. Kowa a gidan ya san kullum da safe sai ta share turakar ta sa mata turare, ta gyara buzun da ba mai hawa. Aka yi tsawa can nesa. Ɗigon farko ya faɗo a kan murfin randa.

Ta shiga turakar ta ja labule. Ɗantsoho ya sa takalminsa, ɗaya ya karkace bai ji ba. Can sai ta fito, buzun a naɗe a hammatarta, butar alwala a hannu.

"Tun yana raye shi ke rufa min asiri," ta ce. Ta wuce su ta ajiye kayan a zaure, ta juyo ga Ɗantsoho. "Me kake jira? Ka nemo mutanenka kafin ruwan nan ya yi ƙarfi. Kuma kai kar ka sake hawa."