Mai Sunan Malam

Ba zan rubuta sunan ba. Na mahaifina ne, tun da na yi wayo bakina bai taɓa furta shi ba, ba kuwa alƙalami zan sa ya yi mini rashin kunyar ba. Abin da zan iya faɗa, daga Larabci ya zo, gajere ne, kuma ana sa wa namiji ana sa wa mace. Baba ma a wurin mace ya gaje shi. Kakarsa ce mai sunan, ta rasu gab da haihuwarsa, dangi suka ce ga wanda ya zo, a ba shi. Ba wanda ya ga aibu.

Muna yara a Ƙofar Marke, iya sanina Baba kaɗai ke amsa shi. Mahauci ne, in baƙo ya shiga kasuwa ya ambaci sunan, ba a tambayarsa ɗan wane gida, rumfar Baba kawai ake nuna masa. A makarantar boko in an tambaye ni sunan uba sai in sunkuyar da kai, wata 'yar unguwarmu ta faɗa a madadina, malamin ya ce ta sake don bai taɓa ji ba. Inna kuwa, mahaifiyarmu, duk zaman aurensu "Malam" take ce masa. Ko kalma ce ta yi kama da sunan, kewaye ta take yi.

Ban san wadda ta fara tono shi ba. Wasu sun ce matar wani mai kuɗi ce ta jiyo shi a Umra, wasu sun ce a waya aka tsinto shi. Ni dai bayan rasuwar Baba na je wani suna, aka raba robobi, na duba gindin tawa sai ga hoton jaririya da jan kwalliya, ga sunan ubana ɓaro-ɓaro an kewaye shi da furanni. Na kife robar a cinyata har aka tashi. Daga nan kamar an buɗe famfo. Daga Hubbare zuwa Ƙofar Atiku, ba lungun da ba a samu mai sunan ba, kuma duk mata. Iyayen ba su san daga ina ya fito ba, daɗinsa kawai suka ji a baki.

Har bayan katangarmu ya iso. Maƙwabciyarmu ta sa wa 'yarta, wata fitinanniyar yarinya mai majina, kuma matar nan Allah ya ba ta murya. Kullum da safe sai ta kwarara sunan, ta haɗa da "don ubanki, zo ki ɗauke fo ɗin nan!" Sunan da a gidanmu ko da raɗa ba a faɗa! Inna na kan tabarma da carbi, sai in ga kafaɗarta ta motsa. Ni ce ke cika ina batsewa, har na taɓa ɗaukar mayafi zan zagaya, Inna ta ce in zauna, me zan ce musu, sunan namu ne mu kaɗai?

Abin da take jira ɗaya ne, kowa ya sani. Ƙanena shi ne namiji tilo a ɗakinmu, kuma a gidanmu ɗa namijin da ya fara zuwa bayan rasuwar uba, sunan uban yake ɗauka. Ba a ma shawara a kai. Da matarsa ta haifi namiji, Inna ta yi dariyar da rabona da jin irinta tun Baba na da rai. Ta ce Malam ya dawo gida.

Ana gobe suna, bayan la'asar, ƙanen nawa ya ja ni zaure yana sosa ƙeya.

"Yaya, sunan ga ya zama na mata. In sa ma yaro shi, a dinga yi mai dariya makaranta?"

Na ce, "Na mata? Mutumen da ka kada bijimi shi ɗai? Da wuƙar mai sunan matan anka yi maka karatun da kaka taƙama da shi!"

Ya ce zamani ya canza, shi yaron yake ji. Na ce ya shiga ya faɗa wa Inna da bakinsa. Bai shiga ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau: yana da ƙarfin halin yar da sunan ubansa saboda 'yan yaran da ko tsarki ba su iya ba, amma ba shi da na duban uwarsa. Sunan da ya zaɓa kuma, in gaya muku, shi ma a wayar ya samo shi.

Da safe maza suka taru a ƙofar gida, aka yi addu'a, maroƙi ya leƙo ya shelanta wa mata sunan. Inna ta ce a maimaita mata, kunnenta ya yi nauyi. Aka maimaita. Ta ce, "Allah shi raya," ta ci gaba da jan carbinta.

Baba ya bar mana wata al'ada. Duk ragon sunan da aka yanka a gidan, da kansa yake gasa hantar ya kawo wa Inna, ita kuma ta ba mai jego da hannunta. Ƙanena ya gasa, ya kawo, ya durƙusa gabanta. Ta karɓa, ta rufe kwanon da faifai, ta miƙo mini.

"Kai ma mai sunan Malam."

Na zaci ba ta ji ba ne. Na sunkuya na ce, "Inna, ba shi anka sa ba."

"Na jiya. Ta bayan katanga nika nuhi."

Na ɗauki kwanon na ratsa ta gaban ƙanena, yana durƙushe bai ɗago ba. Yarinyar a tsaye ta cinye hantar, tana lasar yatsu, uwarta na tambayata ko lafiya.

Yanzu yayin sunan ya fara wucewa, masu haihuwa sun koma wani. Yarinyar ce dai kullum da safe take zuwa ta zauna a gefen tabarmar Inna, a ba ta kunu, kuma an aika wa uwarta cewa in za ta zage ta, ta nemi wani abin kira. Jikanta kuwa Inna na sonsa, tana ɗaukarsa, tana yi masa wasa. Amma ya yi baki ya yi ƙafa, har yau "yaron ga" take ce masa, a gaban ubansa.